Ranar da Na Yi wa Tsorona Kuɗi

Shekara biyu cur na yi ina ɗauke da shawarar shiga cinikin albasa a raina ba tare da na furta ta ga kowa ba, har da maigidana. A cikin waɗannan shekaru babu wanda ya hana ni, domin ba a hana mutum abin da bai nema ba. Ni ce nake kawo shawarar da dare, ni ce kuma nake kashe ta kafin kiran assalatu, kullum da hujja iri ɗaya: wace ce ni, macen da karatunta ya tsaya a aji shida na lekol (makarantar boko), wadda Faransancinta bai wuce na gaisuwa da karanta takardar magani ba, da zan kutsa cikin sana'ar da alhazai masu manyan motoci suka gada tun kaka da kakanni? Ƙannena mata sukan tambaye ni yadda aka yi na daina jin tsoro, kuma tambayar takan ba ni dariya, domin har yau ban daina ba.

A Marwa, a arewacin Kamaru, aka haife ni, a nan aka yi mini aure, kuma sana'ar da na tashi na tarar a hannun mahaifiyata ita na riƙe, wato man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ina yi a cikin gida, babbar 'yata tana kai talla, abin da ya shigo kuma na zuba adashi da shi ko na sayi sabulu da kayan yara. Maigidana fatauci yake yi tsakanin Banki da Marwa, yana kawo atamfa da takalman roba da ƙananan kayan masarufi daga Najeriya, kuma ba mu taɓa rasa abin kai wa baki ba. A shekarar 2014 rikicin Boko Haram ya watsa Banki da Amcide, hanyar da ta ciyar da dubban gidaje a jihar Arewa Mai Nisa ta mutu murus, jarin maigidana kuma ya narke a cikin bashin da ya kasa karɓowa daga mutanen da su ma gudun hijira suka yi. A watan Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a cikin garin Marwa kansa, har da babbar kasuwa, kuma tun daga wannan mako na hana 'yata fita talla. Mai son mai sai dai ya biyo ni gida, masu biyowa kuwa ba su da yawa.

A wannan hali ne na fara kallon albasa da wani ido. Duk matar da take cefane a garin nan ta san kalandar albasa fiye da yadda ta san ta bango. A watan Maris da Afrilu, lokacin da lambunan Meskin da Gazawa suke cire amfaninsu gaba ɗaya, albasa takan zube har mai kashi ya yi miki gyara ba tare da kin roƙa ba. Idan damina ta yi nisa, daga Satumba zuwa ƙarshen shekara, ƙwara uku ƙanana ake miƙo miki a kan kuɗin da a da zai cika miki kwano, buhu kuma yakan ninka kuɗinsa sau uku ko huɗu. Wanda ya saya a lokacin araha ya iya ajiyewa wata biyar ko shida, shi yake cin wannan bambanci. Na san haka, maƙwabtana duka sun sani, amma a tunaninmu wannan ilimin na tukunya ne kawai, ba irin wanda ake shiga kasuwa da shi ba.

Abin da ya sa shakkar kai take da wuyar ganewa a wurinmu mata shi ne ba ta zuwa da fuskarta. Takan aro tufafin abubuwan da aka koya mana mu girmama. Wata rana ta zo mini a matsayin kunya, ta ce bai kamata a ga matar aure tana tayi a gaban maza ba. Wata rana ta zo da sunan ƙanƙan da kai, ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wata ran kuma har da rawanin malamai take zuwa, ta ce in gode wa Allah da abin da Ya ba ni, kamar dai neman halal rashin godiya ne. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, to ni nawa tsoron ya baro dajin ya shigo har ɗaka ya zauna a kan tabarmar kunya, na kuwa yi shekara biyu ina yi masa hidima irin ta baƙon kirki.

Ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Goggo, ita ce uwar adashinmu, kuma ba mace ce mai lallashi ba. A farkon 2018 kwasata ta zo, jaka ɗari uku. Ga 'yan'uwa na Najeriya da ba su saba da ƙidayarmu ba, jaka ɗaya sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar, kuma har gobe tsofaffinmu da dala suke lissafi. Niyyar da na faɗa wa kowa ita ce zan fara tara wa 'yata kayan ɗaki. Da Goggo ta ƙirga kuɗin ta ɗora mini a cinya, sai na ji bakina ya riga ni, na ce, "Goggo, da ma albasa na saya na ajiye." Na yi zaton za ta yi salati ko ta yi dariya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ci gaba da ɗaure bakin jakarta, ta ce, "To me ya hana ki?" Na ce ina jin tsoro. Ta ce, "Tsoron nawa ne?" Ban gane ba, sai ta ɗaga kai ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, komai na kasuwa yana da kuɗi. In albasar ta ruɓe ƙurmus, ba ki tsira da ko ƙwara ɗaya ba, me zai same ki? Ƙirga mini."

Na ari littafin makarantar ɗana da alƙalami, muka zauna a nan bakin ƙofarta. Idan komai ya lalace, jaka ɗari uku sun tafi. Zubin wata bakwai da ya rage mini zan iya biya daga man gyaɗa, ko da kuwa zan daina sayen sabon zane har shekara ta zagayo. Kayan ɗakin yarinya zai jinkirta da shekara guda, ita kuwa a lokacin ko manemi tsayayye ba ta da shi. Abincin gida ba ya cikin lissafin, domin ba daga wannan kuɗin yake fitowa ba. Na rubuta waɗannan, shafin bai ko kai rabi ba. Na tsaya ina juya alƙalami, domin na ji a jikina akwai sauran wani abu mai nauyi da bai sauka a kan takarda ba, daga ƙarshe na ce, "Mutane za su yi mini dariya." Goggo ta ce, "Rubuta. Dariyar kuma nawa ce?" Na rubuta kalmar, na bar gabanta fili, domin na rasa adadin da zan sa. Abin da na yi shekara biyu ina gani kamar dutsen Mandara, da aka sauke shi a kan takarda sai ya zama layi huɗu, uku masu adadi da zan iya ɗauka, ɗaya kuma marar adadi.

Saura maigida. A nan Kamaru, a lokacin, wannan ba batun al'ada ba ne kaɗai, domin dokar 1981 da ta shafi aure da rajistar jama'a ta yarda mace ta yi sana'ar da ta bambanta da ta mijinta, amma ta kuma ba miji damar ƙin yarda idan ya ce yana kare maslahar aure da 'ya'ya. Ni dai ba doka nake tunani ba a daren nan, zaman lafiyar gidana nake tunani. Na jira ya ci abinci, na kawo littafin na buɗe a gabansa, na ce, "Malam, ga wata shawara ina so ka duba mini." Ya daɗe yana kallon shafin. Da ya yi magana sai na gane cewa shi ma yana da nasa layin marar adadi: abin da yake gudu shi ne a ce karayar arziki ta sa ya tura matarsa kasuwa ta ciyar da shi. Ban yi masa gardama ba, ban kuma kawo masa tarihin Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, wadda dukiyarta take zuwa Sham fatauci ba, domin ya fi ni sanin wannan, kuma na lura cewa ambaton tarihin nan yana da sauƙi a bakin kowa har sai an zo kan matar gidansa. Na ce masa kawai shi ne ya san hanya da direbobi da halin 'yan kasuwa, kuma ba zan iya ba sai da iliminsa. Wannan gaskiya ce, ba dabara ba. Bayan kwana uku ya amince, da sharaɗin ƙanena ya riƙa raka ni duk inda zan je.

Kafin na fita na yi wajen wata biyu ina tambaya. Na tambayi tsohuwar da take kasa albasa a bakin layinmu, na tambayi wani maƙwabcinmu da ya taɓa aikin lambu, kuma duk abin da aka faɗa mini na rubuta. A farkon Afrilu muka hau babura biyu zuwa Meskin, inda lambuna suke bin gefen Mayo Tsanaga, kogin da a wannan lokaci na shekara yashi ne zalla, ruwansa yana ƙarƙashi, sai rijiyoyi da ƙarar injinan ban ruwa ta kowace kusurwa. Mun tarar da wani dattijo a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ga albasa an tsibe ta an lulluɓe da lawashinta saboda rana. Irin Gudami ce, wadda aka fi nomawa a yankinmu. Na gaishe shi da Fulatanci, ya amsa, sannan ya juya ga ƙanena ya tambaye shi buhu nawa yake so. Duk maganar da na yi, amsarta ƙanena ake ba. Gwiwoyina suna rawa a ƙarƙashin hijabi, bakina ya bushe, kuma da a ce mai babur bai riga ya tafi ba, ina jin da na ce mu koma.

Abin da ya cece ni shi ne na rasa abin yi da hannuwana, sai na durƙusa a gaban tsibin na fara ɗaukar albasa ɗaya bayan ɗaya ina danna wuyanta da babban yatsa, kamar yadda tsohuwar nan ta nuna mini. Wadda wuyanta ya bushe ya tsuke na ajiye dama, mai kaurin wuya da taushi na ajiye hagu. Na ɗaga kai na ce, "Baba, kwana nawa da kuka yanke mata ruwa kafin ku cire?" Dattijon ya yi shiru, ya dube ni a karo na farko, ya ce kwana biyar. Na ce wannan ta miyar yau ce, ni ta ajiya nake nema, wadda ta yi kamar mako biyu ba ruwa kuma ba a cika mata takin zamani ba. Sai ya yi murmushi, ya tashi ya ce in biyo shi, ya kai ni wani tsibi a bayan bukkarsa, ƙwayoyin ba su kai na farko girma ba amma ɓawonsu yana ƙara kamar takarda. Daga nan har muka gama ciniki bai sake kallon ƙanena ba. Na taya ya ce albarka, na ƙara ya ce albarka, a karo na uku ya sallama. Buhu ashirin na saya, na rage kuɗin mota da na 'yan dako.

Da labarin ya ƙare a nan da ya yi daɗin faɗa, amma kuskuren da ya fi kowanne ci mini kuɗi yana gaba, kuma ba jahilci ne ya jawo shi ba. An faɗa mini sarai cewa albasa abu ce mai rai, tana numfashi, tana fitar da zafi da laima, don haka tana son inuwa da iska, a baza ta a kan gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa, kada a tsibe ta da yawa, a kuma riƙa bi ana tsince wadda ta fara lalacewa kafin ta shafi maƙwabciyarta. Duk wannan yana cikin littafina da rubutun hannuna. Amma rumfa a tsakar gida tana nufin duk wadda ta shigo ɗiban wuta ko barka za ta gani, ta kai labari. Saboda haka na sa aka shigo da buhunan bayan sallar isha'i, aka jera su a wani ɗaki mai rufin kwano da taga ɗaya ƙarama, na zazzage rabi a ƙasa, na bar rabi a cikin buhu, na ja ƙofa na sa kwaɗo. Layin nan na huɗu, wanda na kasa yi wa kuɗi, shi ya zaɓa mini ɗakin.

Zafin Afrilu da Mayu na Marwa ba sai an ba kowa labari ba, ga shi kuma damina ta biyo baya da laimarta. Ina leƙawa jefi-jefi, ina ganin na sama lafiya lau, ina rufewa. A farkon Agusta wari ya fara fita ta ƙarƙashin ƙofa, irin warin da ba ya ɓoyuwa, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko wani abu ne ya mutu. Da muka buɗe buhunan ƙasa, hannuna ya nutse cikin wani baƙin ruwa mai yauƙi, ƙananan ƙudaje suka tashi kamar hayaƙi. Wasu ƙwayoyin daga waje ƙalau suke, sai an danna su fashe. Wasu sun yi tsiro fari dogo saboda duhu da laima. Kwana uku muka yi ni da 'ya'yana a tsakar gida muna tsincewa, ƙofar gida a buɗe domin wari ya fita, unguwa duka tana wucewa tana gani. Daga buhu ashirin, abin da ya tsira bai wuce cikin buhu goma sha ɗaya ba. An yi dariyar kuwa, na ji wadda aka yi a gabana, an kuma kawo mini rahoton wadda aka yi a bayan idona. Wata ma cewa ta yi albasa ba ta yi halin ruwa ba, wai mahaifiyata ba ta taɓa wannan rawar kai ba. Na yi kuka a daren farko. A dare na biyu na lura cewa na ci tuwona, na yi barci, gari ya waye. A rana ta uku maigidana da kansa ya sayo kara da itace da zana ya kafa rumfa a tsakiyar gida, inda kowa zai gani.

A watan Nuwamba na sayar da abin da ya rage a nan kasuwar Marwa, na mayar da uwar kuɗina har da 'yar riba. A daren na ɗauko littafin na buɗe shafin farko, a gaban kalmar dariya, inda na bar fili, na rubuta buhu tara. Jin dariyar bai ci mini ko dala ba, gudun ta ne ya ci buhu tara.

Shekarar da ta biyo baya mata biyu daga cikin adashinmu suka kawo kuɗinsu muka haɗa, ɗaya daga cikinsu ma tana cikin waɗanda suka yi dariyar, ban kuwa tuna mata ba. Muka ajiye buhu sittin a rumfuna uku, asarar ba ta kai ta bara ba ko kusa, ko da yake albasa ko ba ta ruɓe ba takan rage nauyi, kuma duk wadda ba ta sa wannan a lissafinta ba za ta yi kuka ranar cika buhu. Da farashi ya tashi, maigidana ya samo mana gurbi a wata babbar mota mai zuwa Yawunde, muka aika kayan ga wani dillali da aka yaba mana. Kaya suka isa, ya kira ya tabbatar. Daga nan sai labari ya canza: yau kasuwa ta faɗi, gobe rabin kayan sun lalace a hanya, jibi wayarsa a kashe. Wata biyu muna haka, kuɗin kuma ba nawa ba ne ni kaɗai, amanar mata biyu ce a wuyana.

Tsohuwar muryar nan ta dawo da ƙarfinta, ta ce ai ga irinta nan, wa ya aike ki. Ban taɓa wuce Garwa ba a rayuwata. Dangi suka taru a kaina, wannan ya ce kudu ba wurin mace ba ne, wancan ya tuna mini hatsarin jirgin ƙasa na Eseka na watan Oktoban 2016, ko da yake wannan a kan layin Duwala ya faru. Na sake buɗe littafi na rubuta kuɗin mota da na jirgi na mutum biyu, zuwa da dawowa, da abincin kwana biyar, na ajiye su kusa da kuɗin buhu sittin, sai lissafin ya yanke hukunci da kansa. Zuwa da kai ya fi aike. Muka kama hanya ni da ƙanena, Marwa zuwa Garwa, muka haye gadar Binuwai, muka hau tsaunin da ake bi kafin a shiga Ngaundere, tafiyar kilomita wajen 500, sannan muka shiga jirgin dare wanda ya sauke mu Yawunde da hantsi. A unguwar Birketiri muka sauka, inda na ji Hausa tana tashi ta ko'ina, ga masu tsire da teloli da kiran salla, har na ji kunyar irin dodon da na mayar da garin a raina.

Ban je wurin dillalin kai tsaye ba. Na fara zagaya kasuwar ina tambayar farashi kamar mai saye, kuma a nan na ga matan kudu da ake kira bayam-salam, masu sarin kayan abinci su sayar. Mata ne da suke tsayawa a gaban mota tun asuba, su yi ciniki da murya sama, su ƙirga kuɗi a bainar jama'a, babu wadda take neman afuwar kowa saboda ta zo neman abincinta. Faransancin da na yi shekaru ina jin kunyarsa ya ishe ni da su, domin Faransancin kasuwa rabinsa lambobi ne, sauran kuma hannu da fuska suna ƙarasawa. Ɗaya daga cikinsu ta faɗa mini nawa ta sari buhun albasar arewa a makonnin da aka ce mini kasuwa ta faɗi, na rubuta, na tambayi wasu biyu suka faɗi kusan haka. Sannan na nemi dattijon da 'yan albasa suke kai wa ƙara, na gaishe shi, na ce, "Alhaji, ni baƙuwa ce daga Marwa, na zo da amanar mutane, ina roƙon a zaunar da mu." Da aka kira dillalin ya gan ni zaune da littafi a cinya, fuskarsa ta nuna cewa bai taɓa kawowa a ransa zan zo ba, kuma ina jin a kan wannan ya gina dukan lissafinsa. Muryata ta yi rawa a jimlar farko. Na karanta ranar da aka loda kaya, da adadin buhuna, da farashin da mata uku suka faɗa mini, na cire kuɗin mota da la'adarsa, na faɗi abin da ya rage. Ban zage shi ba, ban kuma yi kuka ba, ko da yake kukan yana kusa. An biya mu kashi mafi yawa a cikin kwana biyu, ragowar kuma har yau tana wurinsa, na bar shi da Allah.

Ribar wannan tafiya ta gaskiya lambobin waya ne. Na dawo da lambobin mata huɗu masu sari, kuma tun daga lokacin kai tsaye nake aika musu. Ina ɗaukar hoton kaya ina tura musu ta WhatsApp kafin a ɗinke buhu, su turo rabin kuɗi ta Orange Money ko MTN kafin mota ta tashi, ragowar kuma idan kaya sun sauka. Daga baya na je na yi wa sana'ar rajista, 'yata tana yi mini tafinta a inda Faransancin ofis ya fi ƙarfina, abin da na yi shekara ina ɗagawa ya ƙare a cikin 'yan kwanaki.

Ba na so a fahimce ni kamar ina cewa duk wata shakka ƙarya ce. Ina jin haushin irin jawabin da ake yi wa mata a taruka, a ce musu kawai su yarda da kansu su yi tsalle, alhali mai jawabin ba shi zai biya zubin adashi ba idan aka faɗi. Akwai shekarar da wani mai lambu ya yi mini tayin buhu ɗari biyu bashi, in biya bayan na sayar. Zuciyata ta ƙi kwanciya, na zauna na rubuta, sai na ga cewa idan kashi ɗaya cikin uku ya lalace kuma farashi bai tashi yadda aka saba ba, sai na sayar da filin da na gada kafin na fita. Wannan shakka ce mai adadi, kuma adadin ya fi ƙarfina, don haka na yi masa godiya na ƙi. Wasu sun ce na yi wauta, wataƙila kuma da na karɓa da na ci riba, amma ban yi nadama ba. Wadda nake yaƙi da ita ita ce ɗayar, wadda idan na ce ta faɗi kuɗinta sai ta koma zancen wace ce ke, me za a ce, ina kika taɓa gani. Ita ma ban kore ta ba, tana nan, takan zo musamman a daren da mota take hanya, na dai daina ba ta makullin ɗaki.

A watan jiya ɗaya daga cikin matan Yawunde ta kira ni ta ce tana da 'yar'uwa a Kiye-Osi, kasuwar kan iyakar da mutanen Gabon da Ikwatoriyal Gini suke zuwa sari, kuma tana neman wanda zai riƙa aika mata albasar arewa mota guda. Tun da ta faɗa cikina yake juyawa kamar ranar da na durƙusa a gaban tsibin dattijon Meskin. Littafin da nake amfani da shi yanzu shi ne na shida, kuma na buɗe sabon shafi na rubuta kuɗin mota, da na shingayen hanya, da kwanakin da kaya za su ƙara yi a cikin laimar kudu, da abin da zai same ni idan matar ba ta biya ba. Layi biyu har yanzu babu adadi a gabansu, domin direban da zai faɗa mini gaskiyar kuɗin hanya daga Yawunde zuwa can yana Garwa, sai ranar Alhamis zai shigo. Na riga na gaya wa Malam ya tsayar mini da shi ko da shayi ne, kafin ya wuce gida.